Hanyar keke da ruwa ya ƙwace a bakin wani tafki kusa da Ngaundare

Wurin da mutanen

Ngaundare tana kan tudun Adamawa ne, sama da mita 1,000 daga matakin teku, shi ya sa wanda ya baro Garwa da zufa yake laluben rigar sanyi da zarar mota ta gama hawan gangaren nan. Ƙasar tsohon aman wuta ce. Duwatsun sun daɗe da yin shiru, amma sun bar ramuka masu zagaye waɗanda ruwa ya cika, su ne tafkunan da ke kewaye da garin, irin su Tison da Mbalang da na Ngaundaba can ta hanyar Maiganga. Ruwan sama yana kai wa kusan milimita 1,500 a shekara, kuma kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba yake zuba. A kan tudu ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi, maje da ɗorawa da gwandar daji. A cikin kwari kuwa, inda rafi ke bi, kurmi ne mai duhu da sanyi, malmo da tukurwa sun haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa.

Wannan bayani a kan hanyar keke ne da muka yi a bakin ɗaya daga cikin tafkunan nan. Na ɓoye sunansa da sunayen mutanen, domin duk suna nan suna zaman tare.

Wanda ya fara abin wani mai gyaran keke ne da ke da rumfa a unguwarmu. Kekunan hawan dutse, waɗanda a nan ake kira VTT da Faransanci, gwanjo ne daga Turai: ana sauke su a Duwala, su hau zuwa arewa, wasu a mota wasu a jirgin ƙasan da layinsa ya iso Ngaundare tun 1974. Yawanci suna zuwa da kaca ta yi tsatsa, giya ba ta shiga, birki ya cinye. Shi yake tayar da su. A hankali masu sayen suka zama abokan fita, mu goma sha biyu: ɗalibai huɗu daga jami'ar da ke Dang, tela ɗaya, magini ɗaya, sauran 'yan kasuwa. Mai gyaran keken muna ce masa Yaya. Ran Lahadi bayan sallar asuba muke haɗuwa a bakin rumfarsa. Ni ke riƙe da littafin karo-karo, kuma daga cikinsa na ɗauko awo da kuɗin da za a gani a ƙasa.

Rani na farko, Disamba zuwa Maris: buɗe layin

Daga inda titin marmara ya ƙare zuwa bakin tafkin kilomita biyar ne da 'yan kai. Huɗu na farko tsohuwar hanyar ƙafa ce ta masu itace, ba mu taɓa ta ba. Daga nan a shiga kurmi, a tsallake rafi, a hau leɓen ramin tafkin. A nan ne ake ganin ruwan a ƙasa, kore shar, kuma a nan ne babu hanya.

Muka yi ta da adda da fartanya cikin Lahadi uku. Gobarar daji ta riga ta cinye ciyawa, ƙasa a fili take, don haka aikin bai yi wuya ba. Yaya ya tsaya a sama, ya nuna wata kanya da ke bakin ruwa, muka share layi miƙe ɗoɗar zuwa gare ta. Tsawonsa mita 180, faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Babu wanda ya auna gangara. Ba mu kuma gaida jauro, wato mai garin ƙauyen da ke kusa, ba, don a ganinmu daji ne, ba gonar kowa ba.

Wata uku layin yana ba mu abin da muke so. Ana sauka cikin ƙasa da minti ɗaya, a riƙe birkin baya, taya ta ja ƙasa, ƙura ta tashi ja wur. Hawa kuwa ba mai iyawa, sai a turo keken da hannu.

Damina ta farko, Afrilu zuwa Oktoba

Bayan ruwa na uku, a ƙarshen Afrilu, wani siririn zane ya bayyana a tsakiyar layin, daidai inda tayoyi suka fi bi. Yatsa biyu ne zurfinsa. A Yuni ya kai taƙi guda. Jar ƙasar nan idan ta jiƙe santsi gare ta kamar sabulu, sai mahaya suka riƙa kauce wa ramin suna bin gefe, gefen ma ya mutu, ciyawa ta daina fitowa, layin ya koma faɗin mita biyu a wasu wurare.

A Agusta muka daina zuwa saboda yawan ruwa. Da muka koma tsakiyar Oktoba, a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa ramin ya kai gwiwa. A gindin kanyar kuwa taɓo da tsakuwa sun taru sun shiga ruwa kamar harshe. Wurin nan mashayar shanu ce. Ba mu lura da hakan da rani ba, don mu da sassafe muke zuwa, garke kuwa sai da hantsi yake sauka.

Rani na biyu da damina ta biyu: gyaran da bai riƙe ba

Abin da muka fara yi shi ne cike ramin. A Nuwamba muka ari baro biyu, muka zuba ƙasa baro arba'in da ɗaya, muka tattake da ƙafa. Ya yi kyau a ido har ƙarshen rani. Ruwa biyu na Afrilu suka kwashe shi kaf, suka kai mashaya. Wato da hannunmu muka ƙara wa tafkin taɓo.

Sai buhuna. Muka sayi tsofaffin buhunan shinkafa sittin, muka cika da ƙasa, muka jera su a cikin ramin hawa-hawa. Kuɗin buhu da igiya da na moton, wato babur ɗin, da ya kai su ya tashi sefa 14,500. Sun riƙe mako biyar. Ruwan da ya tarar da buhu sai ya zagaya ta gefensa ya ci bangon ramin, ramin ya ƙara faɗi. Rana ta ƙona ledar, kofaton shanu ya farfasa sauran, zaren buhu ya watsu har bakin ruwa.

Sai itace. Maginin cikinmu ya ce a gicciya gungume a kan layin kowane taku goma, a karkace, don ya juya ruwa gefe. Wannan ya fi kusa da gaskiya, kuma a sati biyu na farko ya yi aiki. Amma yashi ya taru a bayan kowane gungume har ya yi daidai da samansa, ruwa ya riƙa haurawa yana faɗowa ta ɗaya gefen yana haƙa rami a gindinsa. Jiƙaƙƙen itace a karkace kuma abin tsoro ne ga tayar gaba, don haka mahaya suka riƙa zagaye shi. Uku daga cikin gungumen masu neman itacen girki suka ɗauke.

A lokacin nan ne magana ta juya kan shanu. Da yawa cikinmu sun gamsu cewa kofato ne ke lalata layin, domin mun fara ganin sawunsu a kai. Muka sare ƙaya muka toshe bakinsa ta ƙasa. Kwana huɗu aka janye ta. Muka mayar, aka sake janyewa, aka kuma yi musayar baƙaƙen maganganu tsakanin ɗaya daga cikin ɗalibanmu da wani yaro makiyayi.

A Agusta abubuwa biyu suka faru cikin kwana goma. Telan cikinmu ya shiga ramin da gudu, tayar gaba ta maƙale, ya wuntsila ta kan keken ya karya ƙashin kafaɗa. Wata biyu bai taɓa keken ɗinki ba, shi kuwa da shi yake ci da iyali. Sannan wata karsana ta zame cikin ramin ta ƙasa, inda a lokacin ya kai ƙugun mutum, ta karye a ƙafar baya, dole aka yanka ta.

Satumba: zama a gaban jauro

Jauro ya aiko a kira mu. Muka je mu biyar da goro. An yi zaman da Fulatanci da Hausa a cakuɗe, yadda ake yi a nan. Ardon makiyayan ya yi magana a taƙaice: shekara da shekaru shanunsu na shan ruwa a wurin, yanzu suna nutsewa cikin taɓo har gwiwa, ruwan ya yi ja, ga karsana ta tafi. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure da muka shiga ba sallama. Amma shanun ma suna bin layin, su ne suka ƙara buɗe shi."

Wani dattijo da ke zaune a bayan ardo, wanda bai ce komai ba tun farko, ya ce, "Yarona, kun taɓa ganin saniya ta sauka tudu kai tsaye don kanta? Sai da kuka yi mata rami ta rasa ta inda za ta tsallake."

Jauro ya yanke abu uku. An rufe layin daga ranar. Za mu biya rabin kuɗin karsanar, tunda an sayar da naman. Idan kuma muna son wata hanya, sai mun zo an zaga wurin tare da mutanen ardo kafin a sa fartanya. Muka karɓa. Biyu daga cikinmu ba su ji daɗin hukuncin ba, suka daina fita da mu.

Oktoba: awo

Dattijon nan ne ya zaga da mu. Ya tsayar da mu a ɗaya gefen tafkin da yamma, lokacin da rana ta karkata, ya ce mu dubi bangon ramin tafkin. Sai ga siraran layuka a jikin gangaren, ɗaya bisa ɗaya kamar matakala, duk a kwance suke, suna sauka sannu-sannu. Sawun shanu ne na shekaru. Babu ko ɗaya da ya zama kwazazzabo. Namu kuwa yana tsaye a tsakiyarsu kamar tsagar wuƙa.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya riga ya karanta a intanet ƙa'idojin da ƙungiyar masu hawan keken dutse ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a Amurka a 1988, take koyar da masu gina irin waɗannan hanyoyi. Ya taɓa kawo maganar tun lokacin buhuna, ba a saurare shi ba. A ranar ya sake faɗa, kuma ta zo daidai da abin da ke gabanmu. Gangarar hanya kada ta wuce rabin gangarar tudun da take ratsawa, in ta wuce ruwa zai bar tudun ya bi hanya. A tsawonta gaba ɗaya kada ta wuce kashi 10 cikin 100, wato faɗuwar mita ɗaya a kowace mita goma. Fuskarta ta ɗan karkata waje, kamar kashi 5 cikin 100, don ruwa ya tsallake ta ya wuce. Kuma a riƙa sa ta tana ɗan nutsawa tana tashi a kai a kai, yadda ruwan da ya hau kanta zai sami wurin fita kafin ya yi ƙarfi.

Ba mu da na'urar awo. Maginin ya kawo tiyon da yake daidaita tubali da shi, farar roba mai nuna ruwa, muka ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu alamar santimita. Mutum biyu su tsaya da tazarar mita goma, a karanta bambancin ruwan. Da muka auna tsohon layin, faɗuwarsa tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku ce a kowace goma. Daidai da gangarar tudun kansa, tunda kai tsaye ya bi shi. Daga leɓe zuwa ruwa kusan mita 48 ne a tsaye.

Sabon layin muka kafa masa turaku a kan faɗuwar santimita 80 zuwa 90 a kowace mita goma. Ya fito mita 610, da kwana, wato lanƙwasa, guda uku. Mutanen ardo suka sa aka gusa da ƙarshensa taku ɗari biyu daga mashaya, zuwa wani wuri mai dutse da shanu ba sa so. Sau ɗaya yake gicciye burtali, a fili, inda mai keke da makiyayi za su hango juna daga nesa.

Rani na uku, Nuwamba zuwa Janairu: aikin

Mun fara a makon farko na Nuwamba, ƙasa da sauran danshi. Wannan ya taimaka ƙwarai, domin jar ƙasar nan idan hunturu ya busar da ita diga ma tsalle take yi. A ƙasa mai danshi kuma ake iya dannawa ta kama.

Yankan hanyar shi ne inda muka fi daɗewa. A jikin gangara ake sara ta, a cire ƙasa har duk faɗin hanyar, santimita 70, ya zauna a kan ƙasa ta asali mai tauri. A ranar farko wasu suka riƙa tara ƙasar da aka sare a leɓen waje don hanyar ta yi faɗi da sauri. Maginin ya hana. Ya taka wurin da dugadugansa, ƙasar ta zube, ya ce wannan ba ta kai ruwa biyu. Muka riƙa watsa ta ƙasa da shebur, muna baje ta da manjagara, kada ta yi kunya a gefe ta tare ruwa. Don gwada karkatar fuska, sai a ajiye gorar ruwa ta roba a kwance, in ta gangara waje a hankali an yi daidai. Kowace mita goma zuwa goma sha biyar muka bar hanyar ta ɗan nutsa ta sake tashi, wuri arba'in da huɗu ke nan.

Kwanonin uku da mashigar rafin cikin kurmi muka shimfiɗa musu baƙin dutse mai faɗi, wanda ke zube ko'ina a wurin, aka binne kowane har rabinsa. Wannan ya ci Lahadi huɗu shi kaɗai.

Tsohon ramin ba mu cike shi ba. Muka fara da kansa: aka haƙa 'yar magudana a kwance a sama da shi, ruwan leɓe ya daina shiga. A cikinsa aka jera ƙananan shingayen dutse goma sha ɗaya, kowane tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa, gefen kuma an cusa shi cikin bango, don ruwa ya bi ta tsakiya kada ya zagaya kamar yadda ya yi wa buhuna. Aka cika tsakani da rassa. Bakinsa na sama muka toshe da duwatsu da ƙaya yadda wanda bai sani ba ba zai gane an taɓa bi ba.

Lahadi goma sha ɗaya aka yi. Yaran makiyaya uku sun taya mu ɗaukar dutse a biyar daga ciki. Kuɗin da ya fita, ban da na karsana, sefa 31,000 ne, yawancinsa abinci da gyaran ƙotar diga. A Mayu, da ruwa ya zauna, muka ciro jema daga fadama muka dasa a layi-layi a gicciye cikin ramin da ƙasan kowace kwana. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tushenta kuma yana haɗewa ya tare yashi.

Ƙa'idojin hawa guda uku jauro ya amince da su: ba a hawa sai an kwana ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi, ba a jan birki har taya ta ja ƙasa, kuma idan garke na gicciyewa mai keke ya sauka ya jira.

Damina ta uku: abin da aka tarar

Mun zaga hanyar da ƙafa a ƙarshen kowane wata daga Mayu zuwa Oktoba. Cikin wuraren fitar ruwa arba'in da huɗu, shida sun cike da yashi da ganye, aka share da fartanya. Kwana ta biyu ta lalace, don wasu sun riƙa yanke ta suna sauka kai tsaye, ɗan zane ya fara fitowa a wurin, muka dasa duwatsu biyu manya muka rufe. A sauran tsawon babu inda rami ya wuce yatsa biyu. Gyaran damina gaba ɗaya safiya biyu ya ci.

Tsohon ramin yana nan, amma ya daina zurfi. Yashi ya cika bayan shingaye takwas, jema ta kama a kansu, uku na can ƙasa sun rushe an sake jera su. Harshen taɓon da ke mashaya bai ƙaru ba, ciyawa ta fara rufe shi. Ba wanda ya ji ciwon da ya kai shi asibiti. Yanzu ana iya hawa daga ruwa zuwa leɓe a kan keke, abin da da ba ya yiwuwa, kuma wannan ya jawo sababbin mutane biyar, ciki da yara biyu 'yan sakandare. Telan ya dawo.

Hukunci

A ganina matsalar tun ranar farko a layin take, kuma duk abin da muka yi shekara guda da rabi bayan nan magani ne a kan alama. Hanyar da ta bi gangara kai tsaye magudana ce ko an so ko ba a so. Birki yana sassauta ƙasa da rani, ruwa ya zo ya tarar da ita a shirye, kuma tsawon mita 180 ba inda zai fita, yana ƙara yawa yana ƙara gudu har ƙasa. Cikon ƙasa da buhu da gungume duk ƙoƙari ne na tsayar da ruwan bayan ya riga ya yi ƙarfi. Sabon layin bai tsayar da komai ba, ya hana ruwan taruwa ne tun yana kaɗan.

Zargin shanu kuskure ne, kuma shi ya fi cin mu. Ya sa mun ɓata wata uku muna jayayya da mutanen da suka fi kowa sanin gangaren. Da mun je gaida jauro a Disambar farko, da an nuna mana mashaya da burtali, da wataƙila dattijon nan ya faɗi maganarsa tun kafin kafaɗa da karsana su karye. Haka kuma ɗalibin da ya kawo ƙa'idojin awo mun ƙi jinsa ne don shi ne ƙarami a cikinmu, ba don maganarsa ba ta da hujja ba. Wannan yana damuna har yanzu.

Akwai abin da aka rasa. Sabuwar saukar ba ta da tashin hankalin tsohuwar, kuma biyun da suka bar mu ba su dawo ba. Akwai kuma abin da bai warware ba: tun Satumba masu moto da ke ɗauko itace daga kurmi sun gano hanyar, nauyinsu da tayarsu sun fara cin leɓen waje a wuri biyu kusa da rafi. Mun kafa duwatsu a mashiga da tazarar da keke zai wuce amma moto mai kaya ba zai wuce ba, an ture ɗaya. Su ma abincinsu suke nema, kuma da yawansu 'yan ƙauyen ne. Jauro ya ce a bari a gama girbin masara, ya tara mu da su a zauna.